Allon pikulbol: dalilin hana wasu, da abin da mai saye zai duba

Ranar 1 ga Yuli, 2025, allunan buga pikulbol (wasa mai kama da tanis da ake yi a ƙaramin fili) guda bakwai suka fita daga jerin waɗanda hukumar USA Pickleball ta yarda a shiga gasarta da su a Amurka. A cikinsu akwai Perseus Mod TA-15 na kamfanin JOOLA, mai kaurin milimita 14 da mai 16, da Pro Power Elongated na Gearbox, da nau'i huɗu na Black Ace na ProKennex. Duka na sanannun kamfanoni ne, kuma an sayar da su da hatimin amincewar hukumar a jikinsu. Laifinsu ɗaya: suna cilla ƙwallo da gudun da ya wuce sabon ma'aunin da hukumar ta kafa a ƙarshen 2024.

Wannan ya jefa masu saye cikin ruɗani. Yaya allon da ya ci jarrabawa jiya zai faɗi yau? Kuma tunda a ido kusan duk allunan zamani kama ɗaya suke, baƙaƙe masu ɗan kaushi, me ya raba na dala 60 da na dala 280? Amsar tambayoyin biyu tana wuri ɗaya, wato a cikin allon, inda ido ba ya gani.

Wasan da allonsa

An ƙirƙiro pikulbol a 1965 a tsibirin Bainbridge da ke jihar Washington. Mutum uku ne suka haɗa shi, Joel Pritchard da Bill Bell da Barney McCallum, a wani tsohon filin badminton. Har yau girman filin bai canza daga na badminton na 'yan bibbiyu ba: faɗi ƙafa 20, tsawo ƙafa 44. Ƙwallon na roba ne mai ƙoƙo, da huji tsakanin 26 zuwa 40, nauyinsa bai kai giram 27 ba. Ƙungiyar masana'antun kayan wasanni ta Amurka, SFIA, ta ƙiyasta masu wasan a ƙasar da miliyan 19.8 a 2024. A nahiyarmu ma an nuna shi a matsayin wasan gwaji a gasar wasannin Afirka da aka yi a Accra a watan Maris na 2024.

Da allon ƙwallon tebur aka fara, sannan aka koma yanka katako. A 1984 wani injiniyan kamfanin jiragen sama na Boeing, Arlen Paranto, ya yi allo da irin faifan da ake shimfiɗa daɓen jirgi da shi: tsakiya mai ramuka kamar saƙar zuma, siririyar fata a sama da ƙasa. Tsarin da ake bi ke nan har yanzu.

Dokar girma a taƙaice take. Tsawon allo ba zai wuce inci 17 ba, kuma idan aka haɗa tsawo da faɗi ba za su wuce inci 24 ba. Babu iyaka a kan kauri, babu a kan nauyi. Wannan sararin da doka ta bari shi ne filin da kamfanoni suke ta gasa a cikinsa.

Cikin allo

Allo yana da sassa huɗu: ciki, fuska, baki da ƙota. Cikin shi ne ya fi tasiri a kan yadda bugu ke fita, kuma shi ne masu talla suka fi yi wa lulluɓi da manyan kalmomi.

Mafi yawan allunan da ke kasuwa cikinsu saƙar zuma ce ta robar polifirofilin, wato ƙananan ɗakuna masu kusurwa shida a jere. Robar tana da ɗan laushi, tana shanye girgiza, ba ta cika ƙara ba. Kafin ta mamaye kasuwa an yi amfani da Nomex, wata takarda mai tauri ta kamfanin DuPont da ake tsoma wa cikin ƙaro, wadda ke ba da bugu mai kaifi da ƙara sosai. An kuma yi na alminiyam, mara nauyi amma mai saurin lotsewa. Waɗannan biyun sun ja baya ƙwarai.

Kaurin ciki shi ne lambar da mai saye zai fi cin karo da ita, galibi milimita 13 ko 14 ko 16. Allo mai milimita 16 yana ɗan riƙe ƙwallo kafin ya sake shi, yana rage masa zafi, kuma cibiyarsa ta fi faɗi. Cibiya a nan ita ce yankin fuskar da idan ƙwallo ya sauka a kai, bugu ke fita daidai ba tare da allon ya murɗe a hannu ba. Mai milimita 14 ya fi saurin mayar da ƙwallo, ya fi sauƙin juyawa a iska, amma ba ya yafe kuskure kamar mai kauri. Muhimmancin wannan bambanci yana fitowa ne daga yanayin wasan kansa. A kowane ɓangare na raga akwai yanki mai ƙafa 7 da aka hana tsayawa a ciki a bugi ƙwallo tun yana sama. Ƙwararru suna ɓata lokaci mai yawa a bakin wannan layi suna ɗan tura ƙwallo a hankali ya faɗa cikin yankin abokin karawa, suna jiran wanda zai fara ɗaga shi. Wanda allonsa ke tsalle da yawa zai sha wahalar kwantar da irin wannan bugu.

A 2025 aka samu sabon salo: ciki na soso zalla, babu saƙar zuma ko kaɗan. TruFoam na kamfanin CRBN na cikin waɗanda suka fara fitowa da shi, wasu kamfanoni suka biyo baya. Hujjarsu ita ce soso ba shi da bangon ɗakuna da zai karye, don haka allon zai daɗe a yadda aka saye shi. Dalilin da ya sa wannan hujja ta samu kasuwa zai bayyana nan gaba kaɗan.

Fuska da kaushinta

Fuskar zaren gilas tana da ɗan lanƙwasa, tana ba da ƙarfi, kuma ta fi araha. Fuskar zaren kabon ta fi tauri, tana baza ƙarfin bugu a faɗin allo, shi ya sa ake jin ta fi biyayya. Lambar T700 da ake yawan bugawa a kwali sunan wani nau'in zaren kabon ne na kamfanin Toray na Japan. Akwai kuma masu saka zaren Kevlar, ko su gauraya shi da kabon.

Abin da ya fi jan hankalin masu wasa a fuska shi ne kaushi, domin shi ke kama ƙwallo ya murza shi. Ƙwallon da aka murza ta sama yana lanƙwasowa ƙasa da wuri, saboda haka mai bugu zai iya sa ƙarfi ba tare da ya fitar da shi waje ba. Hanya biyu ake samar da kaushin. Ta farko, a fesa wani abu mai kama da yashi a kan fuskar, wanda ke gogewa da sauri. Ta biyu, a ɗora wani ƙyalle a kan ƙaron da ke rufe zaren tun yana ɗanye, idan ya bushe a ɓare, sai zanen saƙar ƙyallen ya zauna. Wannan ta biyun ce ake tallatawa da sunan ɗanyen kabon. Ta fi daɗewa, amma ita ma tana lallacewa, domin a kan ƙaro kaushin yake, ba a cikin zaren ba. Mai wasa kullum zai ga murzawar allonsa ta ragu cikin watanni, komai tsadarsa.

Hukumar tana da iyakar kaushi, tana kuma auna shi da na'ura. A watan Afrilu na 2022, ana tsakiyar gasar pikulbol ta US Open a birnin Naples na jihar Florida, aka dakatar da allunan CRBN saboda an samu sun wuce wannan iyaka. Kamfanin ya gyara ya dawo. Wannan ne karon farko da masu wasa da yawa suka fahimci cewa hatimin amincewa ba na har abada ba ne.

Yadda ƙarfi ya wuce gona da iri

A da, manna fuska ake yi a kan ciki da gam, a yanka, a sa robar baki. Wajen 2022 zuwa 2023 aka yawaita wata sabuwar hanya: a haɗa fuska da ciki da ƙota a saka cikin mazubi mai zafi da matsi, a zagaye gefen da zaren kabon, a cusa soso a bakin. Allon da ya fito ta wannan hanya jiki ɗaya ne, ƙotarsa ba ta saurin karyewa, cibiyarsa ta fi faɗi, ƙarfinsa ya fi yawa. Amma zafi da matsin suna iya raunana saƙar zumar. Bayan an yi ta bugu, bangon ɗakunan yakan murƙushe, ko fuska ta rabu da ciki.

Abin mamaki a nan shi ne allon da ya lalace ta wannan hanya ƙarfinsa ƙaruwa yake yi. Dalilin yana ga ƙwallon. Ƙwallon pikulbol idan ya daki abu mai tauri yakan lotse, kuma a wannan lotsewa yake asarar mafi yawan ƙarfinsa. Idan kuwa fuskar allo ce ta lotsa ta dawo, ƙwallon ba ya lotsewa sosai, sai fuskar ta cilla shi kamar yadda danƙon harbin tsuntsu ke cilla dutse. Ciki da ya murƙushe yana ba fuska damar yin haka fiye da ƙima.

Daga nan sai wasu kamfanoni suka fara ƙera alluna da niyyar samun wannan cilli tun daga masana'anta, ta hanyar zagaye saƙar zumar da soso mai laushi domin tsakiyar ta riƙa motsi. Fitattu a ciki su ne allunan JOOLA da ake kira zubi na uku, waɗanda suka fito a farkon 2024. A watan Mayu na shekarar hukumar ta cire su daga jerinta. Kamfanin ya ce kuskure aka yi wajen aika samfurin gwaji, ya sake aikawa, ba a amince ba, ya kai hukumar kotu. Ya kuma buɗe ƙofar mayar wa masu saye kuɗinsu.

Tsohon gwajin hukumar ɗora nauyi ne a kan allo yana kwance a ga iya lotsewarsa. Irin wannan gwaji ba ya nuna abin da ke faruwa a lokacin da ƙwallo ya zo da gudu, kuma sabon allo ake yi wa shi, ba wanda ya sha bugu ba. Giɓi biyun ke nan da aka bi ta cikinsu.

Sabon ma'auni, da hukuma ta biyu

Ma'aunin da USA Pickleball ta kawo sunansa PBCoR. Ana harba ƙwallo daga na'ura ya daki allo, a auna gudun zuwansa da na komawarsa, a yi lissafin da zai cire tasirin nauyin allon, a fitar da lamba ɗaya. Lambar tana nuna kason gudun da ya rage bayan karo. An fara da iyakar 0.44, aka tsara saukar da ita zuwa 0.43 daga watan Nuwamba na 2025. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wasan besbol na jami'o'in Amurka ya bi wannan hanya tun 2011, saboda sandunan ƙarfe suna cilla ƙwallo fiye da na katako, aka kafa musu ma'aunin BBCOR mai iyakar 0.50.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne ba hukuma ɗaya ke ba da hatimi ba yanzu. A 2024 manyan gasannin ƙwararru biyu, PPA da MLP, suka haɗe a ƙarƙashin inuwa ɗaya, suka kafa tasu hukumar mai suna UPA-A. Tana da nata gwajin ƙarfi, tana auna murzawa kai tsaye da adadin juyin ƙwallo a minti maimakon auna kaushi kaɗai, kuma tana gwada allo bayan an gajiyar da shi da gangan domin a ga inda ƙarfinsa zai kai idan ya tsufa. Sakamakon haka, allo zai iya halatta a gasar wannan hukuma ya haramta a ta waccan. Allon da aka gani a hannun ƙwararre a talabijin ba lallai ne a bar mutum ya shiga gasar garinsu da shi ba.

Masu goyon baya da masu ƙorafi

Masu goyon bayan iyakar suna kafa hujja da tazara. Idan 'yan wasa huɗu suka tsaya a bakin layukansu, ƙafa 14 ne kawai tsakaninsu, wato mita huɗu da 'yan kai. A wannan kusanci, ƙarin gudu kaɗan yana cinye lokacin kare fuska, kuma da yawa daga masu wasan dattawa ne. Hujjarsu ta biyu ta shafi kamannin wasan: abin da ya bambanta pikulbol da tanis shi ne haƙuri da dabarar bugu mai laushi, wanda ke ba tsoho damar karawa da saurayi. Idan allo ya mayar da kowane bugu harbi, wannan ya tafi.

Kamfanonin da abin ya shafa suna cewa sun bi dokar da ke rubuce a lokacin da suka ƙera kayansu, sun kashe kuɗi a bincike, sannan aka sauya ma'auni bayan kaya sun shiga kasuwa. Ƙananan kamfanoni kuma suna kukan kuɗin gwaji sau biyu a hukumomi biyu, wanda a ƙarshe kan mai saye yake komawa. Akwai kuma 'yan wasa, musamman waɗanda suka fito daga tanis, da ke ganin wasa mai sauri ya fi daɗin kallo, kuma tabarau na kariya ya isa maganin haɗarin ido.

Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Hujjar tazara tana da ƙarfi, domin lissafi ne da ba ya buƙatar ra'ayi. Ƙorafin kamfanoni a kan sauya doka a tsakiyar tafiya shi ma gaskiya ne, ko da yake hukumar ta ba da wa'adin kusan wata shida kafin hanin Yuli ya fara aiki. Wanda ba shi da wakili a teburin shi ne mai saye, kuma shi ne ya biya kuɗin allon.

Siffa, nauyi da ƙota

Saboda dokar inci 24, duk abin da aka ƙara a tsawo sai an rage shi a faɗi. Allo mai faɗi yakan kai inci 16 a tsawo da 8 a faɗi. Dogo yakan kai 16.5 da 7.5. Akwai na tsaka-tsaki. Dogon yana ba da miƙa da ƙarfi, ya dace da mai wasan ɗaya da ɗaya, amma cibiyarsa ta fi ƙunci kuma ta matsa sama. Mai faɗi ya fi saurin juyawa a musayar bugu ta kusa da raga, ya fi yafiya, shi ya sa ya fi dacewa da sabon shiga.

Yawancin alluna nauyinsu yana tsakanin giram 210 zuwa 240. Sai dai lambar sikeli ba ta faɗin komai. Alluna biyu za su iya yin nauyi ɗaya, amma wanda nauyinsa ya taru a kai ya fi wuyar kaɗawa, ya fi gajiyar da gwiwar hannu. Masu gwajin alluna suna auna wannan da abin da suke kira nauyin kaɗawa, suna kuma auna juriyar allo ga murɗewa idan ƙwallo ya sauka a gefe. Waɗannan lambobi biyu sun fi nauyin sikeli amfani ga mai zaɓe, kuma kamfanoni da dama sun fara buga su. Doka ta yarda a manna tef mai nauyi a gefen allo, don haka mara nauyi ana iya ƙara masa, mai nauyi kuwa ba a iya rage masa.

Haka abin yake ga ƙota. Kewayenta yakan kama daga inci 4 zuwa 4.5, kuma siririya ana iya naɗa mata tef ta yi kauri. Mai yin bugun bayan hannu da hannu biyu yana buƙatar ƙota mai tsawon inci 5.5 ko fiye.

Abin da ya shafi mai saye

Hanin ya shafi gasannin da hukumar ta amince da su ne. Wanda ke wasa da abokansa da yamma babu dokar da ta hana shi riƙe allon da aka cire, sai dai wasu kulob-kulob suna bin jerin hukumar, kuma abokan wasa suna da haƙƙin ƙin tsayawa gaban allon da ya cika zafi. Mai niyyar shiga gasa kuwa, rubutun da ke jikin allo bai wadatar ba, domin allunan da aka hana ma suna ɗauke da shi. Jerin da ke shafin intanet na hukumar da ke shirya gasar shi ne abin dubawa, kuma a duba shi kafin biyan kuɗi. Wannan ya fi zama dole ga mai sayen na hannu, ko mai yin oda daga wata ƙasa inda mayar da kaya ke da wuya, domin allunan da aka cire da na jabu sukan kwarara zuwa inda ba a cika tambaya ba.

Ga sabon shiga, ƙarfi shi ne abu na ƙarshe da yake buƙata. Matsalarsa ta farko ita ce ajiye ƙwallo a cikin fili, kuma allo mai milimita 16, mai faɗi ko tsaka-tsaki, mai fuskar kabon da matsakaicin nauyi, shi ya fi taimaka masa a kan haka. Ana samun irinsa a ƙasa da dala 100, domin yawancin alluna, masu tsada da masu araha, a masana'antun ƙasar Sin ake ƙera su da kayan haɗi masu kama da juna. Ƙarin kuɗin manyan kamfanoni yana tafiya ne ga bincike, da garanti, da kuɗin ɗaukar nauyin ƙwararrun 'yan wasa. Garantin yana da daraja ta gaske idan allon na mazubi mai zafi ne, tunda murƙushewar ciki ita ce cutarsa.

Ana iya gane allon da cikinsa ya tafi. Idan aka danna tsakiyar fuska da manyan yatsu biyu aka ji tana ƙara kamar ana taka busasshen ganye, ko sautin bugu ya canza ya yi zurfi, ko ƙwallo ya fara tashi fiye da yadda aka saba, to cikin ya murƙushe, kuma alƙalin gasa zai iya hana shi ko da sunansa yana cikin jeri. Zafi yana gaggauta wannan lalacewa, domin yana sassauta gam da roba. Allon da ake bari a cikin mota a rufe da rana ba zai yi tsawon rai ba, kuma mai zaune a ƙasa mai zafi ya kamata ya sa wannan a lissafi tun wajen zaɓe tsakanin saƙar zuma da soso.